Jerin fitilun da suka ratsa samaniyar Garwa bayan magariba

Zauren Hausawan Arewacin Kamaru da Cadi

Daren Talata

Sani Mai Caji: Salamu alaikum jama'a. Don Allah akwai wanda ya ɗaga kai sama ɗazu? Mun fito daga sallar magariba, an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, ina durƙushe bakin shago ina fama da janareto, sai wani yaro ya ja mini riga ya ce, "Kawu, dubi!" Wallahi fitilu ne a jere kamar carbi, sun haura ashirin, suna tafiya a natse daga yamma zuwa gabas. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ƙyaftawa irin ta jirgi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da suka kai wani wuri sai suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane na shiga zaure. Na ɗauka da waya, baƙi ƙirin kawai ya fito. Mata sai salati suke yi a cikin gidaje.

Zainabu: Wa alaikumus salam. Mu ma mun gani a nan Marwa, muna tsakar gida muna tuƙin tuwo. Kakata ta ce a shigar da yara ɗaki.

Hajiya Asabe Kusiri: Innalillahi. Ni ban gani ba, amma tun ɗazu an turo mini murya har uku. Ɗaya ya ce rundunar aljanu ce ke ƙaura, ɗaya ya ce alamar tashin duniya ce, wai a tura wa mutum goma.

Nura: Yaya Sani, barka da shigowa sahu. Abin da ka gani shi ne Faransawa ke kira OVNI, masu Ingilishi su ce UFO, wato abu mai tashi a sama da ba a gane ko mene ne ba. Shekara nawa ina faɗa muku a zauren nan ba mu kaɗai ba ne a sararin nan, kuna ce mini YouTube ya cinye mini kai. Yau dai gani ya kori ji.

Malam Hamadu: Sannunku. Sani, kafin in ce komai, ƙarfe nawa ne? Ke ma Zainabu duba ki gaya mini.

Sani Mai Caji: Wajen bakwai saura kwata, Malam.

Zainabu: Daidai haka. Lokacin na gama waya da mijina, ga shi nan a rubuce.

Malam Hamadu: Madalla, kun riga kun yi rabin aikin. Tsakanin Garwa da Marwa kusan kilomita 200 ne. Abin da mutum biyu za su gani a minti ɗaya daga garuruwan nan biyu ba a saman gadar Binuwai yake ba, yana can ƙololuwa, ɗaruruwan kilomita. Taurarin ɗan Adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX. Roka ɗaya ke ɗaukar su da yawa ta sake su tare, shi ya sa kwanakin farko suke tafiya a layi kafin kowanne ya hau nasa gurbin, wajen kilomita 500 daga ƙasa. Rukunin farko guda 60 a watan Mayun 2019 aka harba shi, kuma tun lokacin, duk inda layin ya ratsa sai an kwana ana irin wannan magana.

Su ba su da fitila. Hasken rana ne ke dukan jikinsu. Mu a ƙasa rana ta faɗi, su da ke sama ba ta faɗi musu ba tukuna, kamar yadda kan dutse ke riƙe da rana bayan kwari ya yi duhu. Zauren da ka ga suna shiga kuwa inuwar duniya ce. Duk wanda ya kai bakinta sai hasken ya yanke masa, na bayansa ma haka.

Sani Mai Caji: Ikon Allah. To wallahi haka abin ya yi, wuri guda suke ɓacewa.

Nura: To na ji, wannan ɗin Starlink ne. Amma Malam kada ka share komai da tsintsiya ɗaya. A watan Afrilun 2020 ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta fitar da bidiyo uku da matuƙan jiragen yaƙinta suka ɗauka. A Yunin 2021 hukumomin leƙen asirinsu suka kai wa majalisa rahoto kan abubuwa 144, guda ɗaya tak suka iya bayani. A Yulin 2023 David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri, ya yi rantsuwa gaban majalisa ya ce gwamnati na ɓoye da kumbon da ba ɗan Adam ya ƙera ba. Waɗannan ba masu tuƙin tuwo a tsakar gida ba ne.

Zainabu: Kai Nura, ka kiyayi tuwona. Da shi na ba Malam lokacin da ya warware maganar.

Hajiya Asabe Kusiri: Ni tambayata ɗaya ce. Baƙin nan sun taso daga wata uwa duniya, me ya sa kullum Amurka suke sauka? Ba su san hanyar kasuwar Kusiri ba ne? Su zo mana, ga atamfa ga turare. Ni dai abin da na fi yarda da shi, masu leƙen asiri ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da muke bakin iyaka mun san abin da ke shawagi a kanmu tun da rikicin Boko Haram ya taso.

Malam Hamadu: Hajiya, zarginki yana da tushe, ba zan ƙaryata ki ba. A Oktoban 2015 Obama ya sanar da tura sojoji kusan 300 Kamaru, kuma a Garwa aka ajiye jirage marasa matuƙa masu sa ido kan Boko Haram. Wanda ya ga wani abu a sama shekarun nan ya ce na soja ne, bai yi wauta ba. Amurkawa ma haka aka yi musu. Hukumar leƙen asirinsu ta CIA ta amsa daga baya cewa da yawa daga rahotannin UFO na ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jirgin leƙen asirinta ne U-2, wanda ke tashi sama fiye da inda mutane suka san jirgi na kaiwa. Tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell a 1947, wanda ake cewa na kumbon baƙi ne har ake ta fim a kai, a 1994 sojan saman Amurka suka ce balan-balan ne na wani shirin sirri mai suna Mogul, na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Ka ga akwai ɓoye-ɓoye da gaske. Sai dai abin da ake ɓoyewa nasu ne, na hannunsu.

Na daren yau dai ba na leƙe ba ne. Mai leƙe ba ya zuwa da jerin gwano yana ƙyalli.

Nura, kai kuma. Cewa ba a iya bayanin abu ba, ba ya nufin an gano baƙi ne. Rahoton 2021 da ka kawo, shi da kansa ya koka da ƙarancin bayanai. Grusch kuwa da aka matsa masa, ya ce abin da wasu suka gaya masa ne, bai kawo ko ƙusa ɗaya ya ɗora kan tebur ba. Ofishin da aka kafa don binciken, AARO, ya fitar da rahoto a Maris 2024 ya ce bai sami wata shaidar fasahar wata duniya ba.

Nura: Ai dole su ce haka. Ɓarawo ne aka ba ajiyar bincike.

Malam Hamadu: To ka ga matsalar. Da suka fitar da bidiyo ka ce ga shi sun amsa. Da suka ce babu ka ce sun ɓoye. Wace magana ce za su faɗa wadda za ta sa ka ce ka yi kuskure? In babu, ba muhawara muke ba.

Zainabu: Ni abin da ke ba ni dariya, yau ko mai tallan ƙosai da kamara a hannunta. Hatsarin babur ya faru a unguwar Domayo nan Marwa, kafin a ɗaga mutumin bidiyo ya kai Yawunde tar da shi. Amma kumbon baƙi har yau hotonsa dushi-dushi kamar an ɗauka da tukunya.

Sani Mai Caji: Hajiya Zainabu a yi mini afuwa, nawa ma baƙi ya fito.

Laraba

Ustaz Mahamat Injamena: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na tarar da saƙonni sama da ɗari, sai bayan asuba na karanta. Abu biyu zan faɗa.

Na farko ga ɗana Nura. Addini bai rufe ƙofar a ce akwai wasu halittu da ba mu sani ba. Aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci abin da Allah Ya watsa na masu rai a sammai da ƙasa, aya ta 8 a Suratun Nahli kuma ta ce Yana halittar abin da ba mu sani ba. Saboda haka wanda ya yi tunanin hakan bai fita daga komai ba. Amma yiwuwar abu daban, a ce ya zo Garwa ranar Talata daban.

Na biyu ya fi damuna, shi ne muryoyin da aka turo wa Hajiya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi bai bar maganar ta kwana ba, ya gyara musu cewa rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To ina wanda zai zauna a ɗakinsa ya naɗi murya ya ce Alƙiyama ta zo, a tura wa mutum goma? Aljanu gaskiya ne, amma ba duk abin da ya gagari saninka za ka ɗora musu ba. Mu ji tsoron Allah da abin da muke turawa.

Hajiya Asabe Kusiri: Allah gafarta Malam, na tura wa biyu kafin in ga bayanin Malam Hamadu. Na bi na goge.

Nura: Na gode Ustaz. Amma bari in kawo na Afirka tunda Hajiya ta ce kullum Amurka. Ranar 16 ga Satumba 1994, a makarantar Ariel da ke Ruwa a Zimbabuwe, yara wajen 60 suka ce sun ga abu ya sauka bayan filin wasa, da wasu halittu masu manyan idanu. Har John Mack, likitan ƙwaƙwalwa daga jami'ar Harvard, ya je ya yi hira da su. Sun girma yanzu, da yawansu ba su janye ba. Yara sittin za su haɗa baki su yi ƙarya?

Malam Hamadu: Wannan ita ce hujjarka mafi nauyi, kuma ban ce yaran sun yi ƙarya ba. Shekara goma sha tara ina koyarwa a lise, wato sakandare, na san yadda labari ke yi a tsakar makaranta. Yaro ɗaya ya ce ya ga maciji bayan aji, kafin a tashi tara sun gan shi, uku sun ga kansa biyu, kuma kowanne zai rantse da zuciya ɗaya. Kwana biyu kafin abin Ruwa, wata wuta ta ratsa samaniyar kudancin Afirka, tarkacen rokar Rasha ne ke ƙonewa, ƙasar duk ta ɗauka da zancen UFO. Cikin wannan yanayi yaran suka je makaranta. Sannan an yi musu tambayoyin farko a gaban juna, Mack kuma sai bayan kusan wata biyu ya iso. Babu babba ko ɗaya da ya gani, babu hoto, babu abin da aka tsinta.

Ka duba ma asalin siffar faifan nan da ake zana kumbon baƙi da ita. Ranar 24 ga Yuni 1947 wani matuƙi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara kusa da dutsen Rainier. Ya kwatanta tafiyarsu da faranti in an wurga shi yana tsalle kan ruwa. Jaridu suka buga "faranti mai tashi", daga nan kowa sai faranti yake gani. Ido na gani, amma abin da kunne ya riga ya ji shi ke sa wa abin riga. Ba'amurke ya ga baƙi, kakar Zainabu ta ga aljanu, Hajiya ta ga soja.

Sai nisa. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso daga Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da ranarmu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, irin wannan tafiya za ta ci masa sama da shekara 70,000. Wanda ya iya keta wannan, ya zo ya laɓe bayan makarantar firamare ya koma?

Zainabu: Ko gaisuwa babu.

Malam Hamadu: In kuna son baƙon gaske daga wata duniya, ya taɓa sauka ƙasar Hausa. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da wani manomi. Bincike ya tabbatar daga Mars ya fito. Wannan an auna shi, an yanka shi, yana ɗakunan bincike. Ku mutanen Cadi kuma kuna da ramin Aorounga can arewa, faɗinsa ya haura kilomita 12, tabon dutsen sama ne.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ban iya latse-latsen nan ba. Malam Hamadu, na ji bayaninka, Allah Ya ƙara sani. Amma ni ma bari in faɗi nawa, don na girmi Starlink ɗinka.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan gingimari tsakanin Ngaundare da Injamena. Wani dare mun wuce Mora, muna cikin dajin Waza, taya ta fashe. Lokacin zargina ne, masu tare hanya, ba mai son tsayawa a wurin ko da rana. Na kashe fitilu, yarona yana ƙarƙashi yana ɗaga jak, ni ina riƙe da tocila na rufe bakinta da hula. Sai na ga inuwata a ƙasa. Inuwata, Malam, cikin daren da babu wata. Na juya, sai ga wani haske kore-kore ya taho daga arewa, ya haske dajin har ina ganin ƙayar bagaruwa. Bai yi ƙara ko kaɗan ba. Ya rabu uku, kowane da jela, sannan ya mutu. Yaron ya fito da gudu ya bar jak ɗin. Mun daɗe tsaye ba mai magana, can sai muka ji wani rugugi daga nesa kamar hadari, alhali rani ne.

Kada ka ce mini Zara ce. Na san Zara matar wata, na san Gamzaki, da su muke sanin lokacin tashi tun ba mu da agogo.

Malam Hamadu: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ba zan ce Zara ba. Ko da yake ta ruɗi manya, wanda ya san daji irinka ba za ta ruɗe shi ba, kuma Zara ba ta rabuwa uku. Abin da ka kwatanta ya yi kama da babban dutsen sama da ya shigo iska ya tarwatse, ko tarkacen roka. Rugugin da ya zo a makare shi ya fi jan hankalina. Sauti wajen kilomita ɗaya kawai yake ci cikin daƙiƙa uku, haske kuwa nan take yake isowa, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. In abin ya fashe can sama, minti biyu ko uku sai su wuce kafin ƙarar ta same ku. Irin haka ya faru a arewacin Sudan ranar 7 ga Oktoba 2008, aka bi hamada aka tsinto gutsattsarinsa. Tarkacen roka ma na faɗowa: a ƙarshen Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya.

Tsawon wane lokaci hasken ya yi? In 'yan daƙiƙu ne, dutse ne. In ya ja jiki a hankali har kusan minti, ya fi kama da roka.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Ɗana, wanda ke jiran zargina ba ya ƙirga daƙiƙa. A wurina ya yi kamar shekara.

Malam Hamadu: Gaskiyarka Baba. To a nan zan tsaya, ba zan yanke abin da ban auna ba. Sojan saman Amurka ma sun tattara rahoto 12,618 kafin su rufe shirinsu na binciken UFO mai suna Blue Book a 1969, guda 701 suka bari a buɗe. Naka ya shiga layinsu.

Nura: Alhamdu lillahi, yau Malam ya ce bai sani ba!

Malam Hamadu: Na ce ban san ko dutse ne ko roka ba, ban ce surukanka ne daga sama ba. Amma ga gwaji, tunda baƙi ba sa ba da sanarwa. Na duba manhajar da ke bin sawun taurarin nan. Gobe Alhamis, bakwai saura minti goma, ku fuskanci yamma maso arewa. Layin zai sake wucewa, sai dai zai fi na Talata tazara da dusashewa, don sun fara hawa. In bai zo ba, Nura, ni zan saya maka katin waya na jaka ɗaya.

Daren Alhamis

Sani Mai Caji: Jama'a ga su nan! Wallahi ga su nan! Mun fi mutum talatin bakin shago, har limaminmu ya tsaya. Sun yi nesa da juna kamar yadda Malam ya ce, na ƙirga goma sha bakwai. Yaron nan da ya fara nuna mini shi ke gaya wa mutane inda za su ɓace.

Zainabu: Marwa ma mun gani. Na fito da kaka na ce mata an san da zuwansu tun jiya. Ta ce to, ai su ma aljanun suna da ranar kasuwarsu.

Hajiya Asabe Kusiri: Nan hazo ya rufe ko'ina, ko wata ban gani ba. Na tsaya a banza har sauro ya yi mini rabo.

Nura: Na gani a Dang, bayan jami'ar Ngaundare. Katin ya wuce ni. Amma maganar Ruwa ba mu gama ba, Malam.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Jikana ya fitar da ni na gani. Abin sha'awa ne, amma wannan wasan yara ne kusa da na Waza.

Malam Hamadu: Na yarda Baba. Ko za ka tuna shekarar? Akwai masu ajiye tarihin rokokin da suka faɗo, da rana da wuri. In na sami shekara da wata zan iya dubawa.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Shekarar da aka karya darajar sefa ce. Na tuna don tayar da na saya a Kusiri washegari ta ci mini kusan ninki biyu.

Malam Hamadu: 1994 ke nan, a Janairu aka karya ta.

Nura: 1994?! Malam! Shekarar Ariel!

Malam Hamadu: Zauna, Nura. Na Ruwa a Satumba ne, mu muna tsakiyar damina, Baba kuma ya ce rani ne. Baba, kafin azumi ne ko bayansa?

Alhaji Ɗanjuma Direba: Nan kam ta kwance mini. Amma yaron motar nawa yana nan a Mora, ya zama mai gingimari biyu yanzu. Shi ba zai manta ba, don a daren ya yi alwashin barin hanya, bai kuma bari ba. Ranar Juma'a in an sauko zan sa a nemo mini lambarsa.